Lokeshin ko kwatance? Muhawara a zauren masu sayar da kaya ta waya

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin waya ku warware min wannan. Kusan kullum sai mun yi cacar baki da yaron da ke kai min kaya. Kwastoma za ta turo lokeshin, in tura masa, ya bi har inda alamar ta tsaya, ya kira ya ce ga shi a ƙofar gida, ita kuma ta ce ta leƙo ba ta ga kowa ba. Jiya a Yakasai sai da dambun ya huce kafin su ga juna, ashe lungu biyu ne tsakaninsu. Laifin wa ke nan? Wayarsa, wayarta, ko shi ne bai iya dubawa ba?

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Hajiya, laifin lalaci ne. Tun muna yara ake aikenmu daga Kwari zuwa Gwammaja da Kurna, babu waya babu komai. A ce maka ka wuce masallacin Juma'a, ka sha kwana ta hannun hagu wajen mai shayi, ka tambayi gidan Alhaji wane mai atamfa. Ko yaron da ke wasa a bakin kwata zai kai ka har zaure. Matambayi ba ya ɓata. Yanzu mutum ya kafa ido a gilashi yana wuce mutane ko sallama babu.

Habu Dilibari: Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya, amma wancan zamanin daban. A rana ina iya kai kaya gida goma sha, daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki. In na tsaya tambaya a kowane lungu sai magariba ta yi min a hanya. Kuma wace kwatance? Mace za ta ce maka "gida mai baƙin get kusa da taransifoma." Ka shiga layin ka tarar duk get ɗin baƙi ne. Ka ce mata wa zan tambaya, ta ce a'a kar ka ambaci sunana a waje.

Zee Turare: Wallahi Habu ya faɗi gaskiya 😂 Ni ma haka nake cewa, kar a tambayi kowa.

Safiyo Nura: Salam. Hajiya Maman Ilham, mafi yawan lokaci matsalar daga wajen mai turowa take. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Waya tana gane inda take ne ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam. Na GPS mallakar Amurka ne, sun kai talatin, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Aikinsu kawai su riƙa aiko da saƙo: ni ne wane, ga inda nake, ga lokaci. Waya sai ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso ta, daga nan ta san nisanta da kowanne. Tana buƙatar aƙalla huɗu kafin lissafin ya fita. Wayoyin yanzu suna haɗawa da na Rasha, GLONASS, da Galileo na Turai, da BeiDou na China.

To saƙon nan ba shi da ƙarfi. A fili, inda sama take buɗe, waya kan yi daidai da kuskuren mita biyar ko makamancin haka. Amma kwastomarki tana kwance a uwar ɗaka, rufin kwano a samanta, ko ma na kankare, sai ta danna tura. Wayar ba ta jin taurarin sosai, sai ta koma yin kirdado da eriyar kamfanin layi da ke kusa da kuma Wi-Fi na maƙwabta in akwai. Wannan kirdadon zai iya kauce wa gidan da mita ɗari biyu, har fiye. A cikin birni mita ɗari biyu ai wata unguwar ce.

Maman Ilham: Ikon Allah. To ta yaya zan gane an turo min na kirdado?

Safiyo Nura: Ke da aka turo wa ba za ki gane ba, alama kawai za ki gani. Ita mai turawar ce za ta gane. A WhatsApp, kafin ta danna, a ƙasan wurin da aka rubuta a tura inda kake yanzu akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke faɗin iyakar kuskuren da mita. In ta buɗe za ta ga lamba babba, in ta ɗan jira sai lambar ta riƙa sauka. Ki ce mata ta fito tsakar gida ko ƙofar gida, ta jira lambar ta sauko ƙasa da 20, sannan ta tura. A Google Maps kuma shuɗin ɗigon nan yana da wani da'ira mai haske a kewayensa. Da'irar ita ce wayar ke ce miki "ina wani wuri a cikin nan, ban tabbatar da ina ba." In da'irar ta haɗiye rabin unguwa, kar a tura.

Sai abu na biyu da nake yawan gani. A ƙasan wancan maɓallin akwai jerin wurare na kusa, shago, makaranta, kemis. Wasu sai su danna na farko a jerin, a zatonsu shi ne. Sai Habu ya je ya tsaya a ƙofar kemis.

Habu Dilibari: Yallaɓai kamar kana wurin! An taɓa tura ni gidan burodi haka.

Zee Turare: Yaya Nura, wata ƙawata kullum nata sai ya nuna wuri mai nisa ko a waje take tsaye.

Safiyo Nura: Ta duba izinin da ta ba manhajar. Daga Android 12 an raba izinin gida biyu, akwai na ainihin wuri, akwai na kusa-kusa. In na kusa-kusa ta zaɓa, wayar da gangan take ɓoye wurin, tana ba da yanki mai faɗin kilomita. IPhone ma yana da irin wannan.

Alhaji Ɗanlami: To kun ji. Sai an fito waje, sai an jira lamba, sai an duba izini. Duk wannan wahalar, da ta ce masa bayan gidan mai unguwa da tuni an ci dambu da zafinsa.

Habu Dilibari: Baba ni abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. Ko alamar ta yi daidai, a cikin birni taswirar ba ta san hanya ba. Ka shiga wajen Zage ko Sheshe ko bayan Kurmi, lungunan da mutane ke bi kullum babu su a ciki, fari fat. Sai ta kai ka bakin titi mafi kusa da alamar ta ce ka iso. Alhali ƙofar gidan tana ta ɗaya ɓangaren, sai ka zagaya. Wani lokaci kuma ta zana maka hanya ka je ka tarar an gina katanga, ko kwata ce da babur ba zai tsallake ba. Haka a sabbin unguwannin awon igiya, gidaje sun cika wuri amma a waya fili ne.

Safiyo Nura: Wannan ita ce babbar maganar, Habu. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Ɗigon shuɗi daga sama yake zuwa, ko a tsakiyar daji kake zai fito. Amma layukan tituna da sunaye da ke ƙarƙashin ɗigon, wani ne ya zauna ya shigar da su. In ba wanda ya zana lungunku, babu shi. Hoton sama da ake gani ma ba na yau ba ne, wani ya yi shekaru, shi ya sa sabon gini ba ya fitowa.

Dabarar da nake ba direbobi: ka juya taswirar zuwa hoton sama maimakon zanen tituna. A nan za ka ga rufin gidaje, bishiya, filin ƙwallo, har siririn lungun da ba a zana ba. Mai gida ma in ya gane rufinsa a hoton, sai ya ɗora yatsa a daidai ƙofar ya danne na ɗan lokaci, jar alama za ta fito, ya tura wannan. Ya fi na uwar ɗaka sau goma, kuma ko ba ya gida zai iya turawa.

Mustafa Kumasi: Salamu alaikum mutanen Kano. Mu nan Ghana gwamnati ta shiga maganar tun 2017, watan Oktoba aka ƙaddamar da GhanaPostGPS. An yanka ƙasar gaba ɗaya murabba'i-murabba'i, mita biyar-biyar, kowanne da lambarsa. Na Kumasi da AK yake farawa, na Accra da GA. Za ka ga an manna lambar a jikin gidaje, kuma in ka je cike fom a banki ko ofis za a tambaye ka ita. Amma gaskiya, a Aboabo in ka tari mai taksi ka karanta masa AK kaza kaza, kallonka zai yi. Sai ka ce masa kusa da masallaci kaza tukun.

Alhaji Ɗanlami: Allah ya yi maka albarka Mustafa. Gwamnati guda ta sa hannu, an dawo kan kwatance.

Mustafa Kumasi: Alhaji ban ce ba ta da amfani ba fa 😄 Mai kawo kaya da ya iya manhajar yana zuwa har ƙofa. Direba ne dai ba ya haddace lamba.

Issoufou Maraɗi: Mu ma a Yamai an sa wa tituna lambobi, za ka ga allo an rubuta KK da lamba a Kouara Kano. Ban taɓa jin ɗan kabu-kabu ya yi aiki da su ba. Amma tambayata daban ce. Ina zuwa ƙauyuka sayen wake da gyaɗa, wurin da rezo ba ya kamawa. Abin yana aiki a can?

Safiyo Nura: Yana yi, Malam Issoufou. Sauraron taurari ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis, ko layi babu a wayar ɗigon zai fito, sai dai ya ɗan jima kafin ya daidaita. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswirar. Don haka tun kana gari ka sauke taswirar yankin ka adana. Google Maps na da wurin yin haka. Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd, su za ka iya sauke yanki guda ko ƙasa guda. In ka je ƙauyen ka sa alama ka rubuta sunansa da kanka, baɗi ba sai ka nemi ɗan rakiya ba.

Kuma wuri lamba biyu ne kawai. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, saboda haka in ka kwafi lambobin da guda biyar bayan ɗigo, ka kai daidaiton kusan mita ɗaya. Za ka iya tura su ta tes na yau da kullum, wanda ya karɓa ya liƙa a wurin bincike na taswira. Kar dai a yanke wutsiyar lambar, in aka bar uku bayan ɗigo an koma kuskuren mita ɗari.

Anti Rabi: Ina ta karantawa ina murmushi. Ni na yi aikin rigakafin shan inna shekaru, ina duba tawagogi. Da can taswirarmu da biro ake zana ta, mai unguwa da ma'aikacin lafiya su zauna su zana, ga masallaci, ga rijiya, ga gidan sarkin fawa. Daga baya aka fara ba kowace tawaga waya ta saka a jaka, ba ta kira ba ce, aikinta kawai ta riƙa ajiye inda aka taka. Da yamma a tattara wayoyin, washegari a nuna mana a allo: ɗigo-ɗigo a kan hoton garin. Layin da aka shiga ya cika da ɗigo, wanda aka tsallake ya zauna wayam. Tawagar da ta samu inuwar mangwaro ta yini a nan, sai ka ga ɗigon ya taru wuri ɗaya cunkus, babu bakin musu.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne rugage da ƙananan ƙauyuka da hoton sama ya fito da su, waɗanda babu su a takardar kowa. Wannan gunduma tana zaton na waccan ne, waccan tana zaton na wannan ne. Yara a wurin ba wanda ya taɓa zuwa musu. Alhaji, a nan kwatance ba ta yi aiki ba, don ba wanda ya san zai yi kwatancen.

Safiyo Nura: Haka ne Anti. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano na cikin waɗanda suka riƙe wannan aikin taswirar. Kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna ta daji. Ba taswira kaɗai ta yi ba, amma ta taka rawa.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya Rabi, wannan na yarda, aikin ceton rai daban ne. Amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki. Wayar ta tona asirin wanda ya zauna a inuwa. To ni da nake yawo da ita a aljihu dare da rana, wa take faɗa wa inda na zauna?

Zee Turare: Yauwa Baba, nan nake jira a zo. Ni shi ya sa ba na tura lokeshin gidanmu ga kowa. Kusa da mu akwai gidan mai, nan nake turawa, ƙanena ya fita ya karɓo. Mutumin da ka sani a waya kawai, ka ba shi ƙofar ɗakinka? A wannan zamanin?

Safiyo Nura: Tsoronku yana kan hanya. Taurarin kansu ba sa ganin kowa, ba sa karɓar komai daga waya. Manhajojin da ke cikin wayar ne ke ɗaukar wurin su aika ta intanet in ka ba su izini. Kun san launukan cunkoso da ke fitowa a manyan tituna, kore, ruwan lemo, ja? Ba kyamara ba ce. Wayoyin mutanen da ke kan titin ne ke ba da rahoton saurin tafiyarsu. A 2020 wani mai zane a Berlin, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a 'yar ƙaramar kura ya riƙa ja a hankali a titin da babu motoci, titin ya koma ja a taswira. A farkon 2018 kuma taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta fito da siffar sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji na kunna ta su yi gudu suna zagaya sansanin.

Abin yi: ku shiga wurin izini ku duba wa da wa kuka ba. Tocila ko wasan yara ba su da hujjar sanin inda kake. Sauran a sa musu "sai lokacin da nake amfani da ita." Lokeshin mai tafiya na WhatsApp kuma, wato wanda ke nuna inda kake duk inda ka matsa, zaɓi uku ne, minti 15, awa 1, awa 8. Don kawo kaya minti 15 ko awa 1 ya isa, kar a danna 8 a manta.

Habu Dilibari: Amma mai tafiyar nan yana da rana. In zan yi Zariya ko Wudil da yamma ina kunna wa yayana na awa 8. Hankalin gida ya fi kwanciya.

Maman Ilham: Wasu mazan kuma sun mayar da shi abin tsaron mata, ki kunna in ga ko gidan bikin kika je da gaske.

Zee Turare: Su kuma in an ce su kunna sai caji ya ƙare 😂

Sadiya (mai kula da zaure): Jama'a a dawo kan layi don Allah, kar mu buɗe wannan babin, ba za mu kwana ba.

Malam Auwal: Tunda ana maganar, Injiniya, manhajar alƙibla fa? Na gwada waya biyu a ɗaki ɗaya kowacce ta nuna nata.

Safiyo Nura: Malam, lissafin ba ya kuskure, kamfas ɗin wayar ne ke ruɗewa. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas amma an karkata hagu sosai, tunda gabas sak 90 ne. Kamfas ɗin da maganaɗisu yake aiki, ƙarfen gini, sifika, ko murfin waya mai maganaɗisu duk suna janye shi. A fita waje, a cire murfin, a juya wayar a iska kamar ana rubuta 8, sannan a duba. Shi ne kuma ke sa hasken da ke gaban shuɗin ɗigo ya nuna kana kallon yamma alhali kudu ka dosa. In ana son tabbaci ba tare da waya ba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana daidai saman Ka'aba. Duk inda ka ga rana a lokacin, nan ne alƙibla.

Malam Auwal: Jazakallahu khairan, na rubuta.

Habu Dilibari: Yallaɓai mu koma kan lungunan nan. Ka ce sai wani ya zana. Wane ne wanin? Sai Bature ya zo?

Safiyo Nura: Kai ne. OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, kowa na iya buɗe asusu ya zana hanya a kan hoton sama ya sa suna, kuma daga gare ta Organic Maps da OsmAnd ke ɗauka. A Google Maps ma akwai wurin ƙara wurin da babu ko gyara hanya, sai dai su sai sun duba kafin su amince, yakan ɗauki lokaci. Kai da ka san wane lungu ne ke ɓullewa, wane ne ba ya ɓullewa, ka fi duk wanda ke zaune a wata ƙasa yana kallon rufin kwano. Kuma a sa sunan da mutane ke kira. Wa ke cewa a kai shi mahaɗar titi kaza da titi kaza? Bata ake cewa, ko 'Yan Kura, ko Dangi. Duk mai shago a zauren nan ya sa shagonsa, da hoton ƙofar. In ana so, ranar Asabar bayan la'asar zan nuna wa masu sha'awa yadda ake yi, mu fara da unguwa ɗaya.

Alhaji Ɗanlami: Shago na yarda, nawa ma ku sa, da lambar layi. Masallaci da makaranta da asibiti ku sa. Amma lungun da iyalina ke ciki ban ba da izini ba. Wanda ya san mu ya san hanya, wanda bai san mu ba ya tsaya a bakin titi a fito a same shi. Ba kowane rashin suna ne ci baya ba, wani sutura ne.

Anti Rabi: Alhaji, ranar da za a kira motar kashe gobara ko mace na naƙuda da tsakar dare fa?

Alhaji Ɗanlami: Motar kashe gobara ba ta shiga lungunmu ko an zana shi da zinare, Hajiya. Faɗinsa bai kai ba.

Safiyo Nura: Hanya za a zana, ba sunan masu gida ba. Kuma lungun yana nan a hoton sama ko mun zana ko ba mu zana ba.

Alhaji Ɗanlami: To ku bar shi a hoton.

Habu Dilibari: Ni dai ina ciki ranar Asabar. Amma akwai rigima a gaba. Lungun da ke bayan gidanmu, dattawa na kiransa da sunan wani malami da ya rasu tun kafin a haife ni, matasa na ce masa layin mai awara, masu sabon gida kuma sun kafa allo da sunan babansu. Wanne za mu rubuta?

Safiyo Nura: A OpenStreetMap akwai gurbin babban suna da gurbin wasu sunayen da ake kira, duka ukun za su shiga. Wanda zai zama babban sunan sai dai ku sasanta.

Sadiya (mai kula da zaure): Kar wanda ya rubuta komai sai an je wajen mai unguwa, ba na son a ce daga zaurenmu fitina ta tashi. Masu zuwa Asabar su ajiye suna a ƙasa, kowa ya zo da wayarsa a cike da caji da data. Habu, kai za ka yi wa mai unguwarku magana kafin Juma'a.

Habu Dilibari: Anti Sadiya, masu allon nan surukansa ne fa.